Layi na Bakwai

Ruwa na dukan kwano a Bantama,
mu goma sha ɗaya a ɗakin da fanka ke tari.
Dakta Serwaa ta ɗauki alli ta ce:
"Ciwon daji ɓarawo ne da ya sa rigar ɗan gida.
Karnukan jiki sun sansana shi, sun koma sun kwanta.
Maganin da za ku gwada ba ya kama ɓarawo,
takunkumi kawai yake kwancewa."
Kwadwo ya ce, in karen ya juyo kan mai gida fa?
Ta ajiye allin.
"Shi ya sa kuke nan mako shida, ba kwana shida ba."

Mun koyi ƙidaya kafin mu koyi alkawari.
Mutum nawa za su isa a ce gaskiya ce, ba dace ba?
Na buga, na goge, na sake bugawa:
tamanin da huɗu.
Rabi nan, rabi can, ƙuri'a ce za ta raba,
ba son raina ba, ba hawayen dangi ba,
ba don wane ya san wane a sahun Juma'a ba.
Mun koyi rubuta ranar tsayawa
tun ba a huda jijiyar farko ba:
in huhu ya kumbura, in hanta ta yi fushi,
in uku suka faɗi inda aka zaci ɗaya,
a sauke tukunya ko da tuwo bai nuna ba.

Daftarina ya yi kyau har na so shi.
Shafi talatin, ba tabo.
Ta karanta a tsaye, tabarau a kan hanci,
ta ja birki a layi na bakwai:
wanda ba zai iya zuwa duk mako uku ba, ba ya ciki.
"Zuweira, karanta da ƙarfi."
Na karanta.
"Wa kika fitar?"
Na ce ba kowa, sharaɗi ne kawai.
"Wa kika fitar?"

Sai ga Gwaggo Fulera a idona,
mai faifan goro a Aboabo,
wadda ta ɓoye kullutu a ƙirji wata tara
tana ce masa maruru,
don kuɗin mota zuwa asibiti
shi ne na gawayi, shi ne na makarantar Issaka.
Da tana raye, da alƙalamina ya rufe mata ƙofa
da Turanci mai ladabi.

Da dare a Asawase wuta ta ɗauke.
Na tuna firjin magani, na rubuta janareta a gefe.
Da hasken waya na buɗe kasafi,
na sa kuɗin mota, zuwa da dawowa, sidi bisa sidi,
na sa na mai rakiya, don ba a zaman ƙarin ruwa a kaɗaice,
na sa koko da ƙosai.
Takardar yarda na juya ta Hausa,
Kwadwo ya kai ta harshen Asante.
Na maƙale a wuri ɗaya: mai yiwuwa.
Mai yiwuwa ya taimaka, mai yiwuwa ya cutar,
mai yiwuwa ribar ta wani ce da ba a haifa ba.
Ban shafa mata zuma ba.

Da safe ta duba, ba ta yaba ba.
Ta ja layi a gindin shafin ƙarshe:
"In ya yi aiki, kuma gwaji ya ƙare,
wa zai biya allura ta gaba?"
Ba ni da amsa. Ita ma, ina ji, ba ta da ita.
Ta miƙo min allin.

A waje yaran mota na kiran Kejetia, Kejetia.
Wani tsoho na hawa matakala ɗaya-ɗaya,
katin asibiti a cikin leda.
Bai san ni ba.
Bai san ina koyon yadda zan tambaye shi ba.